Koriyar Hula a Layi na Bakwai

Fleetwood, 4 ga Maris

Zuwa ga Mista Cliff Ollerton,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sunana Hetty Sugden. Ba ka san ni ba, amma shekara hamsin da takwas ke nan kana ba da labarina a talabijin, kuma ba daidai kake bayarwa ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ina shekara goma sha biyar na bar makaranta na shiga gyaran kifi a tashar jiragen ruwa. Waya kuma ba ta da amfani a wurina, kunnen hagu ya tafi, na dama yana shirin bin sa.

Ranar Lahadi na gan ka a akwatin talabijin. Ka tsufa. Wata yarinya mai fararen haƙora ta zaunar da kai tana cewa wai za a karrama ka a watan Mayu, a zauren wasan nan da ke can ƙarshen gadar katakon da ta miƙa cikin teku a Blackpool, inda ka fara. Suka nuno tsohon wasanka na kofin shayi, wanda kake yawo a dandamali kana neman inda za ka ajiye shi ba ka samu. Duk ƙasar nan ba wanda bai san shi ba. Ni ma duk Asabar nakan kalla ina guga, tun akwatin bai da kala.

Sai ka sake kawo labarin nan naka. Wai ranar Talata ce da rana, ana ruwa, kana saurayi, ka yi minti goma kana zuba barkwanci ba wanda ya ko yi tari. Sai wata mata mai koriyar hula a layi na bakwai ta fashe da dariya, duk zauren ya bi ta, kuma ashe mutumin talabijin yana zaune a ciki. Ka ce ba don ita ba da ka koma gyaran bututun ruwa wurin babanka. Ka ce in tana raye ta fito.

To, ga ni. A daina nema. Jiya ma a layin burodi mata biyu suka ce wai kakarsu ce.

Ni ba kyakkyawa ba ce yadda kake faɗa, hancina tun lokacin haka yake. Hular ma ba tawa ba ce, ta gwaggona ce, kuma ta yi mini yawa. Sannan ba daga sama na faɗo ba. Peg ce ta kawo ni. Tebur ɗaya muke gyaran kifi da ita, lokacin kana neman aurenta. Ita ta sayi tikitin, ta ce in sa hular don ta riƙa hango ni, ta rubuta mini a takarda wuraren da zan yi dariya. Ladana soyayyen kifi da dankali. Na san dai ta daɗe da gaya maka kuna dariyar abin ku biyu, amma bai kamata a bar yarinyar nan mai haƙora tana share hawaye a kan ƙarya ba.

Ban san dalili ba, tun ranar Lahadin nake mafarkin zauren. Sai in ga ya ɓalle daga gadar yana tafiya a kan ruwa a hankali, fitilunsa a kunne, mutane a zaune da rigunan ruwansu ba wanda ya damu. Ina jin teku yana lasar katakon da ke ƙarƙashin ƙafata. Mijina Walter ne a bakin ƙofa yana karɓar tikiti, alhali bai taɓa shiga gidan wasa ba a rayuwarsa, kuma shekararsa huɗu da rasuwa. Nakan ce masa, "Kai kuma me kake yi a nan?" Sai ya ce, "Zauna ke dai, Het, an kusa farawa." Kuma ba a taɓa farawa. Ina jin cukun da nake ci kafin in kwanta ne.

A gaida Peg. Rabona da ita tun da kuka koma Landan. Ka ce mata Hetty mai kukan jaki, za ta gane.

Ka huta lafiya,
Hetty Sugden

*

Gidan tsofaffin 'yan wasa, Worthing, 11 ga Maris

Zuwa ga Uwargida Sugden, ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da hancin naki.

Wasiƙarki ita ce ta ɗari biyu da goma sha ɗaya. 'Yata Glenda ke buɗe mini su. Mun sami mata masu koriyar hula daga kowane lungu, har da wani dattijo daga Hull da ya rantse shi ne, wai a lokacin yana cikin wani hali. Taki kaɗai na karanta sau biyu, sannan na ce a ba ni kujera, alhali a zaune nake.

Peg ta rasu shekara biyu da suka wuce, a watan Nuwamba. Ba ta taɓa gaya mini ba. Shekara hamsin da biyar muna tare. Na ba da labarin nan a gabanta ya fi sau dubu, ita kuwa sai ta ce, "Allah ya yi wa matar nan albarka," ta ci gaba da saƙarta.

Bari in gaya miki abin da ba na faɗa wa masu fararen haƙora. Mai sana'armu matsoraci ne. Ban taɓa fita dandamali ba sai na yi amai a bokiti, ko a ƙaramin kulob na ma'aikata ne, ko a gaban manyan ƙasa. Abin da ke ɗaga ni daga kan bokitin shi ne in ce wa kaina: akwai ranar da wata baƙuwa, wadda ba ta san ka ba, ba ruwanta da kai, ta dube ka ta ga abin dariya. Da wannan na yi shekara goma sha tara a talabijin. Da shi na tsaya a Glasgow ranar Juma'a, inda maƙeran jirgi ke zuwa kallo da kusoshi a aljihu don jifa. Yanzu kin ce kifi da dankali ne.

Ban ga laifinki ba, ban kuma ga na Peg ba. Amma na ce wa Glenda ta sanar da su ba zan hau dandamalin ba a Mayu. Su aiko da lambar yabon ta gidan waya. Ba zan iya ɗaukar kofin nan in fita ba ina sane da cewa dariyar farko saye aka yi.

Ina nan ina kallon teku ta taga. Namu na kudu ba shi da hayaniya, kamar mutanensa. Wani lokaci da rana in hazo ya sauko a kansa, sai in ga kamar layukan kujeru ne har iyakar gani, duk babu kowa.

Na gode da gaskiyar da kika faɗa. Allah ya ji ƙan maigidanki.

Naki da girmamawa,
Clifford Ollerton

*

Fleetwood, 15 ga Maris

Cliff,

Gaisuwa. Allah ya ji ƙan Peg. Ban sani ba, da ban yi maka wannan ɓaranɓaramar ba. Walter ya sha gaya mini in riƙa ƙirga goma kafin in buɗe baki, ban taɓa wuce biyu ba. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. To amma kai ma ka cika raki. Tsoho da kai, ka ji rabin magana ka je ka zauna gaban taga. Juyo ka ji sauran.

Ga takardar nan na sa maka a ciki. A gwangwanin biskit na same ta, cikin takardun jirgin Walter. Ka san rubutun. Duba da kyau, abu uku ne. Surukar da ta zo kwana biyu ta shekara. Miyar mai gidan haya da ta yi ruwa har kifin ciki ya farfaɗo ya ci gaba da iyo. Sai karen limamin coci. Ka ga kofi a ciki? Babu.

Ranar Litinin ta ba ni ita, muna tsaye hannu cikin ƙanƙara. Ta ce, "Het, ke ce mai muryar da ake ji har tsallaken kogi. Gobe za ki yi mini aiki."

Na ce, "Saurayin nan naki mai kunnuwa? Yana da ban dariya kuwa?"

Ta ce, "Ko kaɗan. Amma ina son sa. In suka sallame shi ranar Asabar bututu zai koma, kuma baƙin ciki zai kashe shi."

Na ce, "To ki auri mai bututun mana. Ko banza famfonki ba zai yi yoyo ba."

Ta ce, "Rufe mini baki, jaka, ki haddace."

Na haddace. Amma ranar Talatar tun ƙarfe huɗu na asuba nake tsaye, jirage uku suka shigo. Na hau ɗan jirgin ƙasan da ke bin bakin teku zuwa Blackpool a jiƙe, na taka gadar nan har ƙarshe, na shiga zauren. Ga ɗumi, ga kujera mai laushi irin wadda ban taɓa zama a kai ba, ga ruwan sama yana bugun rufi, ga teku a ƙasa yana shiga yana fita kamar numfashin mai barci. Na ga mai kiɗa. Na ga 'yan rawa. Kai ban ga fitowarka ba. Hular ta zamo ta rufe mini ido, na tafi.

Suruka ta wuce ina barci. Miya ta wuce. Kare ya wuce. Peg tana can gefen dandamali tana cin farcenta. Har na fara mafarki, wai ina kwance a cikin kwalekwale, kifayen da na yanka duk sun dawo suna wucewa ta samana kamar tsuntsaye, cikinsu a ɗinke, kuma ba su riƙe ni a zuci ba.

Abin da ya tashe ni wata 'yar ƙara ce, kar-kar-kar. Na ɗaga hular. Sai ga wani dogon yaro shi kaɗai cikin haske, fuska fari fat, kunnuwa jawur, riƙe da kofin shayi a kan ɗan faranti, hannunsa na rawa kofin na bugun farantin. Daga baya Peg ta gaya mini wai ya kamata ka ajiye shi a tebur ne ka ci gaba da surutunka, masu aikin dandamali suka manta ba su fito da teburin ba. Ni ban san wannan ba. Na dai ga ka juya dama, babu. Ka juya hagu, babu. Ka dubi ƙasa, ka fara sunkuyawa, sai ka ji kunya ka miƙe. Ka dubi aljihunka, Cliff. Aljihu! Sannan ka dube mu, mutum ɗari uku, kamar wani zai ce kawo in riƙe maka.

Ban san sanda dariyar ta fito ba. Kai dai ka ji ta. Walter yakan ce jakunan da ke ɗaukar yara a bakin teku in sun ji ni sai sun amsa. Na yi har cikina ya ƙulle, hular ta faɗi. Wani mutum a bayana ya ce, "Don Allah a ba matar nan ruwa," bai rufe baki ba shi ma ta kama shi. Shi ke nan.

Peg ta tare ni a waje, idonta ya kumbura. Ta ce, "Uku na ba ki, ko ɗaya ba ki yi ba!"

Na ce, "Barci na yi."

Ta ce, "To wannan fa?"

Na ce, "Wannan tawa ce."

Ta tsaya tana kallon ruwa. Can ta ce, "Gobe ma ba za a fito da teburin ba. Ni zan ɓoye shi." Kuma ta hana ni kifin, ta ce ai ban yi aikin ba. A gabana ta cinye shi a kan gadar, tsuntsayen teku na zagaya mu, ta ba ni dankali huɗu.

To ka ji. Dariyar da aka saya ba a kawo ta ba. Wadda ka samu ba wanda ya aike ni da ita. Amma kada ka kumbura. Barkwancinka na ranar ba shi da daɗi, ko ina farke sai na yi da ƙyar. Tsoronka ne ya ba ni dariya.

Ni ma na taɓa tsayawa haka. Da safen da Walter ya rasu, na haɗa masa shayi na kawo, ashe ya riga ya tafi a kujerarsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Na fi minti goma a tsaye da kofin. Wannan bai ba ni dariya ba. Tun ranar ban sake yi ba. Ba wai hana kaina nake ba, ba ta zuwa ne kawai.

Ka gaya wa 'yarka ta koma ta ce musu kana nan zuwa. Ka aiko mini da tikiti, layi na bakwai, ta wajen ginshiƙi don in sami majingina. Zan zo. Ban yi alkawarin dariya ba. Kuma kada wani ya haska ni da fitila, kada yarinyar nan ta rungume ni. In ka ji shiru, to ba ka yi abin dariya ba ne, ko kuma na yi barci.

Ka riƙa cin abinci.

Hetty

*

Worthing, 21 ga Mayu

Hetty,

Gaisuwa da godiya, da fatan kin koma gida lafiya. Kin gudu. Glenda ta zagaya zauren sau biyu tana neman ki, aka ce mata wata tsohuwa ta fita da sauri, hannu a baki. Don haka dole in tambaye ki a takarda.

Bari in faɗa miki yadda abin ya kasance daga sama, domin daga can ba a ganin kowa. Haske ne kawai, da duhu a bayansa, kamar mutum ya tsaya a gaɓa cikin hazo yana jin ruwa bai gan shi ba. Na yi aman kamar kullum. Takardar Peg tana cikin rigata, daidai ƙirji. Aka kira sunana, na ɗauki kofin na fita.

Sai ga tebur, Hetty. A tsakiyar dandamali, ɗan ƙarami, an shimfiɗa masa farin ƙyalle har da fure. Yaran nan masu shirya taron ne. Sun ga tsoho ɗan shekara tamanin da sanda, suka ce kada ya gaji da riƙo. Kirki ne ya sa su. Ba wanda ya gaya musu sun kashe wasan gaba ɗaya. Shekara hamsin da takwas ina neman abin nan, ga shi sun ajiye mini a gaba.

Zauren ya yi tsit. Na ji teku a ƙarƙashin katako, rabona da jin sa tun waccan Talatar. Na zagaya teburin. Na taɓa shi da sanda ko zai ɓace. Ba wasa nake ba, kaina babu komai a ciki. Sai na ji kamar Peg tana can gefe tana cewa, "Ajiye mana, wawa, hannunka ya gaji." Na ajiye.

Ƙarar kofin a kan farantin ta tsaya. Hannun kuwa bai tsaya ba. Yana nan a miƙe a gabana yana rawa, babu komai a cikinsa, kuma ban san inda zan kai shi ba. Na nufi aljihu da shi, na manta Peg ta ɗinke aljihun rigar wasan tun farkon aurenmu don kada in taɓa samun mafita. Na kai shi baya, ya dawo. Na ɗora ɗayan a kansa, suka kama rawa tare. Sai na dube ku.

Daga can cikin duhu, ta hagu, wani abu ya taso. Da farko na zaci ƙofa ce mai tsatsa. Sai ya koma tari. Sai ya koma jaki. Sauran kin sani. Sun ce minti huɗu aka yi ban ce uffan ba.

Jaridu sun rubuta wai shi ne wasa mafi kyau da na taɓa shiryawa. Su ta shafa. Tambayata ɗaya ce, kuma ke kaɗai na san ba za ki lallashe ni ba. Ke ce? In ke ce, tausayin tsoho ne ya sa ki, ko kuwa Glenda ce ta bi sawun uwarta ta ba ki takarda? Ki faɗa mini ko wacce ce, zan iya ɗauka. Ina jin zan iya.

Na haɗo miki da kofin. Na gama da shi.

Naki har kullum,
Cliff

*

Fleetwood, 25 ga Mayu

Cliff,

Gaisuwa. Ni ce. Ba wanda ya ba ni takarda, kuma ban taɓa jin tausayin mutumin da ake dafa masa sau uku a rana ba. Haƙoran robana na sama ne suka zame, shi ya sa na gudu. A hannu na riƙe su har tasha, haƙarƙarina kuma har yau ciwo yake.

Kofin ya iso, bakinsa a ɗan ɓantare. Na wanke na sha shayi. Ba ya ɗaukar da yawa.

Jiya na sake mafarkin zauren a kan ruwa. Walter ya karɓi tikitina. Peg tana layi na shida tana cin kifina. Na zauna. Wannan karon an fara.

Kada ka sake tambayata. Ka huta lafiya.

Hetty